Tsallaken da Ya Raba Hajjo da Tukunya

Kusan shekara talatin a Ƙofar Durbi, ba a cewa an gama shirin biki ko suna sai an ji Hajjo ta ce za ta zo. Ita ce mai tuƙin tuwon taro. Matar kowa ta iya tuwo, ban musa ba, kada wani ya kai ƙarata gida. Amma tuwon mutum takwas daban, na mutum ɗari uku daban. Irin tukunyar nan da ƙato zai ɓuya a ciki 'yan sanda su wuce ba su gan shi ba, ita Hajjo kan tsaya a kanta ita kaɗai, ta ɗaure ƙugu da tsohon ɗankwali, ta kama muciyar da ta kusa kamo ta a tsawo, ta tuƙa har sai ka rantse inji ne ya yi. Ba gudaji, ba ƙauri, ba ɗanye a tsakiya.

Bafulatana ce, siririya, doguwa, mai wushirya. A wata ruga ta wajen Charanchi aka haife ta. Mijinta Malam Talle ya shigo da ita birni bayan shanunsa sun ƙare, wasu ciwo ya ci, wasu hidimar dangi ta ci. Ta haihu sau huɗu, ba ɗaya da ya kai yaye. Da Malam Talle ya rasu sai ya bar mata gida mai ɗaki biyu da bishiyar dalbejiya a tsakar gida. Dangin da ya rage mata a gari shi ne ɗan wanta, Babaji, mai tuƙa keke napep a Ƙofar Sauri.

Hajjo ba ta awo da kwano. In an zo ɗaukarta aiki sai ta ce, "Mutum nawa?" A faɗa mata. Sai ta ce, "Dangin angon daga ina za su taho?" In ka ce daga ƙauye, ta ce a ƙara shinkafa tiya biyar. In ka ce ma'aikata ne 'yan GRA, ta ce a rage tuwon a ƙara nama, don su miya suke lasa su ce likita ya hana su. Ba ta taɓa yanka wa kowa farashi ba, abin da aka ba ta shi ke nan, da sabulu da ɗan turmin zane in masu gidan na da hali. Sharaɗinta ɗaya ne: ƙanzon tukunya nata ne. Takan kankare shi ta shanya a kan kwanon ɗaki, in ya bushe ta jiƙa ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. Da an tashi Islamiyya da yamma, sai ka ga yaran lungu sun yi layi a ƙofarta kamar masu karɓar katin zaɓe. Ba ta sayarwa. Kowa ya miƙo hannu ta ɗora masa, ta shafa kansa ta ce ya gai da uwarsa.

Abin da zai ba ka mamaki, duk unguwar ba wanda ya kai ta tsoron mayu. Da can har laya gare ta a ƙugu wadda ta taho da ita daga ruga. Limamin masallacinmu, Malam Sa'idu, shi ya raba ta da ita, ta hanyar matarsa mai koyar da tsofaffi karatu. Aka nuna mata cewa tsari na wurin Allah ne, kuma Ya riga Ya ba mu abin neman sa a fili, kyauta: Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi safe da yamma, da Ayatul Kursiyyu bayan kowace salla da lokacin kwanciya. Shekara guda cur ta yi kafin Ayatul Kursiyyu ta zauna mata a ka. Ranar da ta kawo ta ba gyara, sai da ta yi sadakar waina. Daga nan duk yaron da ya ce kansa na ciwo, sai ta kama tafin hannunta ta karanta ta tofa ta shafa masa, ta kuma ce, "To tahi a kai ka kemis."

Ni kuwa Sammani tela, shagona na kallon ƙofarta. Kakana daga Barno ya zo. Ko gaisuwa ban iya da Barbarci ba, amma gadon tsokanar Fulani na riƙe shi hannu bibbiyu. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani: ka faɗa wa abokin wasanka abin da in wani ya faɗa sai an je gaban alƙali, shi kuma ya rama, a yi dariya a watse. Wata rana a wani biki mutane suka ci tuwonta har suka kasa miƙewa, sai na ce, "Wannan hannu ba na banza ba ne. Tsohuwar nan mayya ce, ta kama cikin unguwa gaba ɗaya." Aka yi ta dariya. Na ga abin ya karɓu, sai na mayar da shi gaisuwar safe.

"Baiwata, an tashi lafiya? Kurwa nawa aka lasa jiya?"

"Taka na ɗanɗana na tofar, Babarbare. Ɗaci, ga warin manda. Wa zai ci wannan?"

"To a yi haƙuri a bar mini kwastomomi."

"Kwastomomin da kake ɗinka wa ƙafar wando ɗaya ta fi ɗaya? Su suka kama kansu. Zo ka ɗaukar wa uwargijiyarka tukunya, bawan banza."

Haka muka yi shekara da shekaru. Sau ɗaya Malam Sa'idu ya tsaya a bakin shagona bayan ta wuce, ya ce, "Sammani, ka sake mata suna. Akwai kalmar da ba a wasa da ita." Na ce, "Allah gafarta Malam, ita fa bawa take ce mini, ban kai ƙara ba." Ya girgiza kai ya wuce.

Ana nan sai wani ma'aikacin gwamnati, Yazid, ya kama hayar gidan ƙarshen lungu, shi da matarsa Fadila da ɗiyarsu Muhsina mai shekara biyar. Fadila a wani gari ta tashi, ba ta san kan wasanmu ba, ba kuma mai yawan shiga mutane ba ce. Abin da ta sani kawai, kullum da safe in ta leƙo sayen koko, tana jin wani babban mutum da furfura a gemu yana kiran tsohuwar nan mayya da ƙarfi, jama'a na ji ba mai musawa. Muhsina kuwa ta liƙe wa Hajjo. Sauran yara su karɓi ƙanzo su tafi, ita sai ta zauna. Ta tsince mata shinkafa, ta riƙe mata buta, ta yi barci a kan zanenta. Hajjo na ce mata "ƙawata".

Daminar 2017, cikin watan Agusta, zazzaɓin sauro ya kwantar da Muhsina. Kwana uku ana ba ta maganin kemis. A na huɗu zazzaɓin ya hau kai, ta fara sambatu, ba abin da take faɗi sai "Hajjo, Hajjo." Da safe Yazid ya kai ta asibiti, ba gado, aka yi mata allura aka ce a dawo da ita da yamma, a yi ta dawowa har kwana uku. Ya mayar da ita gida ya tafi ofis. Kafin ya dawo, wata goggon Fadila da ta zo dubiya ta ji sunan da yarinyar ke kira, ta tambayi wace ce Hajjo, aka faɗa mata, da abin da ake ce mata. Ba ta yi shawara da kowa ba ta aika aka kirawo wani mai maganin mayu.

Da yake namiji ne ba zai shiga cikin gida ba, sai aka shimfiɗa tabarma a zaure aka kwantar da yarinyar. Shi ya sa duk muka gani. Daf da la'asar na ji hayaniya na rufe keken ɗinki na je. Mutumin ya sha jar hula mai madubai, layu tun daga wuya har ƙugu, kai ka ce shagon kayan koli ne ya yi ƙafa. Ya zuba wani abu a kasko hayaƙi ya turnuƙe zauren, ya duƙa kan yarinyar da ko ido ba ta iya buɗewa, ya ce, "Wa ya kama ki? Faɗi sunanta!" Yarinya ta ce, "Hajjo." Da cewa ya yi wa kike so a duniya, amsar da za ta ba shi ke nan.

Ga wanda bai sani ba, al'adar ita ce: wanda aka ce ya kama kurwar mara lafiya, sai a kawo shi ya tsallaka shi sau uku, ya wanke hannu da baki a ba mara lafiyan ruwan ya sha. Wai ta haka yake sakin kurwar. In ya ƙi, an ce ya ƙudurta sai ya cinye.

Aka aika a kirawo Hajjo. Ba a faɗa mata dalili ba, an dai ce Muhsina na kiranta. Sai ga ta da sauri, mayafi a karkace, riƙe da kwanon kunun tsamiya da ta dama wa ƙawarta. Ta kutsa cikin mutane tana cewa, "Ku ba ta iska mana, wa ya kunna wannan hayaƙi a kan mai zazzaɓi?" Goggon ce ta ce, "Ajiye kwanon nan, munafuka. Ki sakar muna ɗiya."

Na ga lokacin da maganar ta isa kunnen Hajjo. Ta dubi goggon, ta dubi mai jar hula, ta dubi kwanon da ke hannunta kamar ba ta san wanda ya ba ta shi ba.

A nan Malam Sa'idu ya iso, wani ya je ya faɗa masa a masallaci. Mutum ne mai sanyin murya, amma ran nan har bakin titi ana jin sa. Ya sa aka fitar da kaskon. Ya ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Sihiri gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace shi, yin sa kuma yana cikin manyan zunubai masu halakarwa. Kambun baka ma gaskiya ne. Ba mai musun wannan. Amma ba abin da zai sami bawa sai da izinin Allah, kuma an koya muna abin da za mu karanta mu nemi tsari, an kuma ce mu nemi magani. Ina aka ce sambatun mai zazzaɓi shaida ne? Ina aka ce ka ɗora wa Musulma mai salla wannan suna a kan zato? Shi kuma wannan da kuka kirawo, da ya ce ya san abin da ke ɓoye, wanda ya je masa da tambaya ma sallarsa ta kwana arba'in tana cikin hatsari, balle wanda ya gaskata shi."

Mai jar hula ya ce, "Malam, naku daban namu daban." Amma na lura ya fara tattara jakarsa.

Da a nan aka tsaya, da an watse. Sai Fadila ta fito daga cikin gida, ido ya kumbura, kwana uku ba barci. Ba na ganin laifinta har yau, uwa ce da ɗiyarta ke mutuwa a gabanta. Ta nuna ni da yatsa ta ce, "Malam, ba zato ba ne. Ga wanda ya san ta shekara talatin. Kullum da safe mayya yake ce mata, da kunnena nake ji. A tambaye shi!"

Kowa a zauren ya juyo gare ni. Abin da ya kamata in faɗa bai kai kalma goma ba: wasa ne, ni na ƙirƙira, ƙarya ce. Amma na ga idanu sun yi mini yawa, na ga fuskar goggon, na ji tsoron a ce ina kare mayya, in yarinyar ta mutu a haɗa da ni. Sai bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "A'a, ni kada a sa ni a ciki. Ni wando nake aunawa, ban auna kurwa."

Har wasu suka yi dariya. Hajjo ba ta yi ba. Ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai.

Yazid, wanda ya shigo ana cikin haka, mutum ne mai ilimi, na tabbata bai yarda da mai jar hula ba. Amma ya dubi matarsa, ya dubi ɗiyarsa, ya ce, "Malam, a bari ta tsallaka ɗin kawai hankalin kowa ya kwanta. In ba ita ba ce ai shi ke nan, ba a rasa komai ba."

Malam Sa'idu ya juya ga Hajjo ya rage murya. "Hajjo, kada ki tsallaka. In kin tsallaka kin amsa. Ki koma gida, ni zan tsaya miki."

Ta ce, "In ban tsallaka ba ta mutu fa, Malam?"

"Kwananta ne ya ƙare. Ba hannunki."

"Kai ka sani, ni na sani. Uwarta fa? Har ta koma ga Allah za ta ce da na ɗaga ƙafa da ɗiyarta na raye." Ta ajiye kwanon kunun a gefe. "Mi ke cikin ɗaga ƙafa? Ku matsa."

Ta tattare zanenta ta tsallaka Muhsina. Ta juyo ta sake. Ta sake na uku. Leɓɓanta na motsi duk lokacin, ni da ke kusa na ji, Falaƙi da Nasi take karanta wa yarinyar. Waɗanda ke nesa suka ce ga shi nan tana kiran kurwar ta dawo. Aka kawo ruwa ta wanke hannu ta kurkure baki, aka ɗiga wa yarinyar. Ta fita ba ta ɗauki kwanonta ba.

Da yamma Yazid ya mayar da Muhsina asibiti aka yi allura ta biyu. Washegari aka ci gaba. Kwana biyu tsakani ta tashi zaune ta nemi shayi. Likita ya yi allura shida, ba wanda ya ƙirga. Hajjo ta yi taku uku, har yau ana ba da labarinsu. Na sha zama in yi wannan mugun tunani, Allah Ya yafe mini: da yarinyar ba ta tashi ba, wasu za su ce ashe ba ita ba ce tunda ta tsallaka bai yi amfani ba. Warkewar da Hajjo ta fi kowa roƙa, ita ta ɗaure ta.

Ba wanda ya jefe ta, ba wanda ya ƙona mata gida. Mu mutanen kirki ne, a hankali muke kashe mutum. Layin yara ya ɓace daga ƙofarta. In ta fito, ƙananan su ruga suna "kurwata kur", iyayensu na ji suna yi kamar ba su ji ba. Masu gaishe ta suka koma gaisuwa daga nesa, hannu a kan kan ɗansu. Aka hana Muhsina ko kallon ƙofar, kafin shekara ma Yazid ya tashi daga unguwar. Malam Sa'idu ya yi wa'azi a kan abin sau uku. Kowa ya ce, "Gaskiya ne, Malam," ya koma gida ya ce wa matarsa a dai yi hankali.

Bayan Babbar Salla aka yi biki a gidan Alhaji Bala, gidan da ita ta tuƙa tuwon auren 'ya'yansu biyar. Ba a aiko mata ba, amma ita da gidan ba a aike, don haka ta saɓa muciyarta da sassafe ta tafi. Matata Jamila na wurin, ita ta ba ni labari. Aka karɓe ta da fara'a, aka ce, "Hajjo, yau hutawa za ki yi, kin tsufa da wahala." Aka shimfiɗa mata tabarma can gindin katanga, nesa da murhu, aka ajiye mata lemo. Tana zaune tana kallon mata uku suna kokawa da tukunya ɗaya, tuwo na kamawa, ƙauri na tashi. Sau ɗaya ta ce, "Ku rage wuta." Ba wadda ta waiwayo. Kafin azahar ta ɗauki muciyarta ta fita.

Ni kuwa na daina gaisuwar safe. In ta fito sai in duƙar da kai kan keke kamar mai neman allurar da ta faɗi. Da sanyi ya shigo Babaji ya zo da kekensa ya kwashe ta zuwa gidansa a Ƙofar Sauri. Labarin ya riga kayanta isa.

Shekara biyu na yi ina cewa gobe zan je. Ranar da na je, na tafi da atamfa da na ɗinka mata. Na same ta a ƙofar ɗaki tana gyaran zogale, ta rame, wushiryar ta ƙara faɗi don haƙoran gefe sun zube. Muka gaisa, gida, iyali, aiki, sanyi, mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka gudu daga gare ta. Da gaisuwa ta ƙare na rasa abin faɗi, ni da ban taɓa rasawa ba.

Ta ce, "Babarbare, yau bakin ya tafi yajin aiki?"

Na ce, "Hajjo, gafara na zo nema."

"Na yafe tun ranar. Ina zan kai riƙo ga tsufa? Na san tsoro ka ji, Barebari dama ba ku da zuciya." Ta ci gaba da tsinke ganyenta. "Amma yafiya tsakanina da kai ce. Sunan fa? A gaban jama'a ka liƙa mini shi. Ka je gaban jama'a ka ɓamɓare. Ban son in mutu ana cewa mayya ta mutu."

Washegari bayan sallar la'asar na nemi izinin Malam Sa'idu na miƙe a masallaci. Na ce, "Jama'a, ina da magana a kan Hajjo." Tun kafin in ci gaba na ga haƙora a waje. Shekara talatin duk lokacin da na buɗe baki dariya ake jira. Na ce wallahi ni na ƙirƙiri sunan a wurin biki, wasan Barebari da Fulani ne, ban taɓa ganin komai a wurinta ba sai alheri, kuma na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana. Wani daga sahun baya ya ce, "Sammani ya tuba, a kawo goro!" Aka fashe. Wani dattijo kuma ya jawo rigata ya ce a hankali, da gaske yake, "Ka je gidanta jiya ko? Ka ci wani abu a can?"

Malam Sa'idu ya tsawatar, ya ce mutum ya rantse da Allah a ɗakin Allah kuna dariya. Aka shafa fatiha, aka nemi takalma.

Da na ga magana ba ta yi ba, sai na ce bari in gwada aiki. Ɗiyata Sumayya ta zo gida haihuwar fari, ta sami ɗa namiji, taron mata na suna a gidana za a yi. Na ce Hajjo ce za ta tuƙa. Jamila ta ce, "Ni ban yarda da abin da ake faɗi ba, ka sani. Amma dangin mijin yarinyar nan fa? In suka ƙi ci?" Na ce su ƙi, ni zan cinye. Ta dube ni ta dubi cikina ta ce, "Za ka iya."

Hajjo ta zo tun da hantsi cikin atamfar da na ɗinka mata. Ƙarfi ya ragu, sai da matar Babaji ta riƙa karɓarta, amma ita ke cewa a zuba, a rage, a rufe. Tana aiki tana tsokanata ta katanga, wai jikan ya ɗauko hancin Barebari, Allah Ya ba shi haƙuri. Rabon da in ji muryarta haka tun kafin zazzaɓin Muhsina. Da aka kwashe, na sa aka fito da tire ƙofar gida, ni da Malam Sa'idu muka zauna a bainar jama'a muka ci. Malam ba mai yawan ci ba ne, amma ran nan malmala biyu ya tashi da ita, yana ci yana kiran masu wucewa. Mutum huɗu ko biyar suka sa hannu. Sauran, wannan ya ce yanzu ya ci, wancan ya ce azumin nafila yake. Ban taɓa ganin masu azumi da yawa haka ran Asabar ba.

A cikin gida kuwa mata ba su ƙi ba. Kowace ta yaba, ta ce tuwo ya yi kyau, a sa mata a leda za ta ci da yara a gida. Tukunya ta ƙare tas. Hajjo ta fito tana murna, ta ce mini, "Ka gani? Ko loma ba ta rage ba."

Kafin magariba na rako ta bakin titi inda Babaji ke jira. Sai mun bi ta gefen bolar da ke bakin lungu. Tun daga nesa na hango, na yi ƙoƙarin shiga tsakaninta da wurin ina jan ta da surutu, amma idon Hajjo bai tsufa ba. Ledoji ne farare a zube, sun fi talatin, ko kwance su ba a yi ba. Awaki sun yayyaga wasu suna ci.

Ta tsaya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "To, awaki dai ba su ji labari ba."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu. "Ka yi naka, Sammani. Kada ka ƙara kirana, asarar shinkafa ce, ga mutane na kwana da yunwa." Ta gyara mayafi ta shiga keken, ta ce in shafa mata kan jariri.

Ba ta ƙara tsayawa kan tukunyar taro ba. Bara cikin watan Sha'aban ta rasu a gidan Babaji, bayan jinyar mako biyu. Maza sun zo jana'iza da yawa, don lada ce kuma ba a taɓa komai. Amma da aka nemi matan da za su yi mata wanka, a tsakar gidan da ke cike da mata, biyu ne suka miƙe: matar Malam Sa'idu da Jamila. Allah Ya jiƙan Hajjo, Ya wanke ta a inda shaidata za ta yi amfani.